Na Je Gaida Majinyatan Nafisa

Parkchester, biyar da rabi

Ina sallame sallar asuba na fito, kular tuwo a hannu, faɗa fal bakina. Autata Nafisa ta ajiye karatun likita ta koma renon murjani, yanzu kuma wai izinina take nema ta tafi Florida shekara biyu ta dasa shi a teku. Na ce bari in je in gani da idona, in ce a'a a gabanta.

A tashar jirgin ƙasa na biya kusan dala uku, na haɗu da maƙwabcinmu Alhaji Mumuni, mutumin Kumasi.

"Hajiya, ina zuwa da sassafe haka?"

"Dubiya. Duwatsu ne ba su da lafiya."

Ya ce Allah ya sawwaƙe, bai ƙara tambaya ba.

Union Square, shida da rabi

Nan na sauka daga jirgi mai lamba shida na shiga na Brooklyn. Wani bawan Allah ya miƙe a kujeru uku yana barci, ko takalmi babu. Garin da ya kasa rufa wa ɗan Adam asiri, shi ne ke hayar mai digiri ta auna wa dutse zafin jiki. Takaici ya hana ni zama.

Coney Island, bakwai da kwata

Nafisa ta tare ni a ƙofar gidan adana halittun ruwa da take aiki, da takalmin roba har gwiwa, tana ƙarnin kifi. Ta kai ni wani ɗaki mai shuɗiyar fitila da kwatamai na gilashi. Abin da ya raba ta da asibiti ashe 'yan rassa ne masu ruwan ƙasa, ko ɗan yatsana ba su kai ba.

"Umma, sunansa ƙahon barewa. Ba dutse ba ne, ƙananan dabbobi ne dubbai suka gina gida ɗaya. Dangin na sarƙar wuyanki ne."

"To me suke ci, albashinki?"

Ta yi dariya. Ta ce wani gansakuka ne ke zaune a jikinsu yana ciyar da su da hasken rana, shi ya sa suke son ruwa mai ɗumi marar zurfi. Ruwan na ƙara zafi sai su kore shi, su yi fari, yunwa ta kashe su. In sun mutu kifi ya rasa gida, igiyar ruwa ta ci gari. Ana kuma karya reshe a dasa, kamar rogo.

A kwatamin ƙarshe akwai wani reshe fari fat. Sati uku tana ba shi abinci da sirinji, ta nuna min gindinsa inda launi ya fara dawowa. Hannunta ko rawa bai yi ba. Shekara goma sha ɗaya ina jinyar tsofaffin da 'ya'yansu suka manta da su, na san hannun mai jinya in na gan shi. Haushi ya kama ni, don faɗan da na ɗauko tun daga gidanmu a Bronx ya ƙi fitowa.

"Ci tuwonki," na ce. "Kuma in kin je can, ban da shiga ruwa ke kaɗai."

Gida, biyu saura

Na iso lafiya, alhamdu lillahi. Ko mayafi ban cire ba yayata ta kira daga Kano, tana tambayar ko yarinya ta zama likitar.

Na ce tana nan tana duba marasa lafiya. Ba ta tambayi waɗanne ba.