Man Takalmin Delmar

Shekara talatin Delmar Haugen yana gyaran motocin makaranta a garinmu na Montana, kuma bai taɓa sayen sabuwar bindiga ba. Haɗa abarsa yake yi. Bututun na hannu ne, ƙotar ta roba ce mai araha, madubin hange kuwa a gwanjon kayan wani mamaci ya samo shi. Kunamar harbi kaɗai yake sayen mai kyau. Tawa bindigar daga kanti ta zo cikin akwati mai soso, amma duk kaka shi ke fara rataye barewa a garejinsa.

Wata Asabar na iske shi yana shafa wa ƙarfen bindiga man takalmi, kafin ya kwantar da shi cikin ƙotar da ya zuba wa gam.

Na ce, "Delmar, tsiyar har ta kai nan?"

Ya ce, "Kai dai ci gaba da harbin itatuwa, Wendell."

Na koma gida na yi wa tawa irin aikinsa a ɓoye. Sai dai ban shafa man takalmin ba, don ni ba matsiyaci ba ne. Ashe shi ke hana gam kama ƙarfe. Washegari ko kunamar ba ta motsi.

Dole shi na kai wa bindigar. Ya saka ta a firizarsa tsakanin cinyoyin barewa har gam ɗin ya saki, ya gyara, ya miƙo mini. Bai yi dariya ba, bai gaya wa kowa ba. Wannan ne har yau na kasa yafe masa.