Haɓon gidanmu: shekara tara bayan Sani

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Sani, direban babbar mota. Yana lodin kaya a unguwar Kossodo da hantsi bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Yana da shekara talatin da shida, ba shi da hawan jini, bai taɓa shan taba ba. An duba kansa a asibiti, aka ga inda jini ya toshe, amma ba a gano daga ina gudan jinin ya taso ba. Da abin ya sake buge shi karo na biyu, bai tashi ba.

Ni dillalin babura ne a nan Zongo, ba na sayen abu sai na buɗe cikinsa. Amma ƙanena yana haki idan ya hau bene, leɓensa yana duhu, ban taɓa tambayar dalili ba. Haɓo kuwa, a gidanmu abin alfahari ne. Idan hancin yaro ya fara zubar da jini, gwaggonmu har guɗa take yi, ta ce wannan ɗan gida ne, ya gado kakansa.

Bara yayarmu ta faɗi kamar yadda Sani ya faɗi. Wata likita ta tambaye ta ko ana haɓo a dangi, ta sa aka ɗauki hoton ƙirjinta. Ta nuna mini: a cikin huhu hanyoyin jini biyu sun haɗe ba bisa ƙa'ida ba, gudan da ya kamata huhu ya tace sai ya wuce kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Ta ce ana gadon abin, ana iya toshe wurin, kuma mai ciki ta fi shiga haɗari.

Da Sani yana nan da dariya zai yi, ya ce ciwon kai ake nema a ƙirji? Shi ma ba zai je ba, na san halinsa.

Abin da ya bari shi ne 'yarsa Rakiya, tana aure a unguwar Gounghin. Tana da dariyarsa, tana da haɓonsa, tana da cikin wata biyar. Sau uku ina zuwa gidanta a kan ta je a duba ƙirjinta. Mijinta ya ce, "Baba, lafiyarta lau, kada mu je tono abin da Allah ya rufe." Na keɓe da ita, na faɗa mata komai ban rage ba.

Ta goge hanci da bakin mayafi ta ce, "Baffa, ka bari in haihu tukuna."

Na bar mata takardar da likitar ta ba ni a kan tabarma. Har na tayar da babur ba ta ɗauka ba.