Alƙali Umara na Makoda da Shari'ar Mutanen Rijiyar Dashi

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Umara a watan Rajab na shekarar 1231 bayan Hijira, a wata unguwar manoma da ke gabas da Makoda. Mahaifinsa Malam Kashim Babarbare ne mai fataucin kanwa, mahaifiyarsa kuwa Hure, 'yar manoman wurin ce. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, sannan a shekarar 1246 ya tafi Barno, inda ya shafe shekara goma sha biyu yana karatun fiƙihu, har ya ji Barbarci kamar can aka yanke masa cibiya.

Aure da alƙalanci

Da ya dawo ya auri Kulu, suka haifi Khalilu, ɗansa na fari, wanda ya fi ƙauna a cikin 'ya'yansa, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. A shekarar 1266 aka naɗa shi alƙalin yankin. A zaure yake shari'a, kan buzu, kuma ko da damina sai ya yi noman safe kafin ya saurari kowa.

Shari'ar 1281

Khalilu ya taso mai son doki, ya shiga cikin mahayan da ke gadin iyaka ta arewa. A shekarar 1281 suka ƙetare iyakar lokacin da ake zaman amana, suka ƙone rumbunan wani ƙauye mai suna Rijiyar Dashi, suka koro mutum goma sha tara, suka ce ganimar yaƙi ce. Bisa al'adar ɗa mai biyayya, Khalilu ya zaɓi wata mace mai suna Amsa ya kai wa mahaifiyarsa kyauta. To, nan ya yi kuskuren rayuwarsa. Da azahar ta yi, matar ta roƙi buta da Barbarci, alƙali yana ji daga zaure. Ya sa aka tambaye ta, ta faɗi yadda aka kama su a masussuka, su 'ya'ya ne ba bayi ba, kuma ba sa yaƙi da kowa.

Washegari ya kira mahayan duka, ɗansa a gaba. Hujjarsu ɗaya ce: abin ya faru ne a wata ƙasa, don haka alƙalin Kano ba shi da hurumi. Dattawa ma suka yi ta zuwa suna cewa, "Malam, ka bar ta ta wuce, ɗanka ne fa." Allahu Akbar! Amsar da ya ba su har yau ana faɗinta a Makoda: "Mai laifi yana gabana, wanda aka zalunta yana gabana. Ƙoramar iyaka ba ta wanke zalunci."

Ya yanke cewa a saki mutanen, a raka su gida, mahayan su sake gina rumbunan da hannunsu, jagoransu Khalilu kuma ya bar ƙasar Kano muddin ransa. Aka kai hukuncin birni, aka tabbatar. Kulu ta yi wata biyu ba ta yi wa mijinta magana ba. Shi kansa ya yi kuka, mutane sun gani, amma bai janye ko harafi ɗaya ba.

Rasuwa

Ya ajiye alƙalanci a shekarar 1290 saboda ciwon ido, ya koma karantarwa. Ya rasu ranar Alhamis, tara ga Sha'aban 1298, yana da shekara sittin da bakwai, aka binne shi bayan la'asar a gefen gonarsa. Mutanen Rijiyar Dashi sun yi tafiyar kwana biyu a ƙasa don yin ta'aziyya, Amsa tana cikinsu. Ya bar 'ya'ya huɗu: Dabo, da Aishatu, da Mairo, da Khalilu, wanda ke zaune a ƙetaren iyaka tun bayan hukuncin, ya rako masu ta'aziyyar har bakin ƙoramar iyaka, ya tsaya nan yana kuka, bai ƙetara ba. Allah Ya haskaka makwancin Malam.