Na'urar da Na Ɓoye a Jaka Zuwa Damagaram

Litinin: Gwale zuwa Kwangwalam

Ƙarfe shida saura kwata, da sallame sallar asuba, na fito daga gida. Ni mai kemis ne, shekara goma sha tara ina sayar da magani a zauren gidanmu. Wata ƙungiya ce ta zo wa Mai Unguwa da maganar raba wa teloli da wanzamai na'urar awon hawan jini, su riƙa auna mutane kyauta. Wai wani kamfanin magani ne zai ɗauki nauyi, asibitin gwamnati kuma ya karɓi waɗanda aka tura. Mai Unguwa ya ce ba zai amsa ba sai na je Damagaram, inda aka riga aka fara, na gani da idona. Abin da na faɗa shi za a yi.

Ni kuwa tun kafin in sa takalmi na gama yanke hukunci. Mai sayar da magani ya ba ka na'urar gano ciwo kyauta? Ai murɗa ta suka yi, ta riƙa nuna kowa ba shi da lafiya. Don haka na ciro tawa daga ƙasan durowa, na naɗe ta a cikin riga, na cusa a jaka. Ko Hajara matata ban gaya wa ba.

Mota ta bar tashar Ƙofar Ruwa ƙarfe bakwai da minti goma. Kafin Daura ƙeyata ta soma sarawa, na haɗiyi ƙwaya biyu kamar kullum.

"Alhaji, karo na biyu ke nan tun Kazaure," in ji direba.

"Kai dai ka ji da hanya."

A shingen Kwangwalam, kan iyakar Nijar, wani jami'i ya zazzage jakata, ya ɗago na'urar. Da na gaya masa aikinta sai ya naɗe hannun riga ya ce in gwada shi. Jininsa daidai yake. Na yi murna, don na tabbatar tawa ba ta ƙarya.

Damagaram

Mun shiga gari uku saura, bayan kilomita ɗari biyu da wani abu. Malama Rakiya, ma'aikaciyar jinya da ke kula da shirin, ita ta tarbe ni ta kai ni masauki. Aka kawo shinkafa da miya, gishiri kamar an yi rowarsa. Na ce a raina har a miya ma sun fara aikinsu. Na fita na sayi kilishin jaka ɗaya, wato sefa dubu, na ci na more.

Talata

Ƙarfe tara aka zauna taron baƙin da suka zo daga ƙasashe daban-daban kan shirin. Wani daga Gana ya ce su a tashoshin mota suke auna direbobi. Wata dattijuwa daga Senegal ta ce a wajensu manyan matan unguwa ne ke bi gida-gida, gwamnati na tsaye a bayansu. Sai wakilin kamfanin, da turarensa da ya cika ɗaki, ya ce su saƙon waya suke tura wa duk wanda aka auna. Na ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, lambobin wayar mutanen a hannun wa suke kwana?"

Ya yi murmushi, ya yi magana ta kusan minti biyar. Har ya zauna ban ji amsa ba, kuma na rubuta haka a takardata.

Bayan azahar Malama Rakiya ta kai mu kasuwa, shagon wani tela, Malam Isufu. Na'urar na rataye kusa da kekensa. Ya ce duk wanda ya zo awon riga sai ya auna masa jini kafin ya fita. Na miƙa hannu ina dariyar ƙeta a ciki. Ta matse, ta saki. Ɗari da tamanin da shida, alhali na mai lafiya wajen ɗari da ashirin yake.

"Malam Bukar, ka taɓa aunawa kuwa?" Malama Rakiya ta tambaya a hankali.

"Lafiyata ƙalau, Malama."

Na koma masauki da sauri kamar wanda ya tsinci abu. Na kama su. Na yi la'asar, na huta, na kulle ƙofa, na ciro tawa. Ɗari da tamanin da huɗu. Na sauya hannu. Na cire batir na mayar. Sau uku, ba ta sauya baki ba.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma ba kaina na fara tunawa ba, Yaya Modu ne. Shekara biyu yana zuwa zaure yana cewa, "Bukar, ba ni na ciwon kai," ina ba shi. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a Kasuwar Kurmi, wannan na'urar tana cikin durowa, taku ɗaya daga bencin da yake zama. A wajenmu sai wanda ya ce a auna shi ake aunawa, shi kuwa bai taɓa cewa ba.

Da kaina na nemi Malama Rakiya kafin magariba, ta kai ni wajen likita.

Laraba: Gida

Na baro Damagaram ƙarfe bakwai, na sauka Kano huɗu da rabi. Ko jaka ban ajiye ba na wuce zauren Mai Unguwa.

"To, Malam Bukar, mayaudara ne?"

"Mutumin kamfanin nan har yanzu ban yarda da shi ba. Kada a ba shi lambar kowa, sai asibiti. Amma a karɓi na'urorin."

"Kai da ka tafi kana cewa an murɗa su?"

Na buɗe jaka. Na ciro tawa, na ce ya naɗe hannun riga.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malama Rakiya da Malam Isufu tela. Da na shiga gida Hajara ta yi mini sannu da zuwa, ta ce, "Ya jiki, ya gajiya?" Baki ya buɗe zai ce lafiya lau, yadda Yaya Modu ya riƙa ce mini. Na zauna a bakin gado na ce, "Hajara, ba ni da lafiya."