Malam Zakiyyu da Kalmar "Bana"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 28 ga Mayu, 2024, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Allah Ya karɓi ran Malam Zakiyyu Kabo a gidansa da ke Daura, jim kaɗan bayan ya idar da la'asar. Wasu na cewa a asibiti ne. Ba haka ba ne, na tambayi iyalinsa.

Malam, kai ka ɗauke ni aiki a ofishin ƙungiyar makiyaya ina gama hidimar ƙasa, kuma darasin farko da ka koya mini kalma ɗaya ce. Manhajar wayar masu yi wa shanu rigakafi tana lissafa "bana" daga watan Janairu. Rahoton da Sama'ila, abokin aikinmu, yake haɗa wa shugabanni yana farawa daga Yuni. Makiyayi kuwa, tasa bana daga ruwan shuka take kamawa. Sai saniya ɗaya ta fito an yi mata allura a waya, ba a yi mata ba a rahoto, mai ita yana rantsuwa da abu na uku.

Ka cire ƙa'idar lissafin bana daga manhaja, ka cire ta daga rahoto, ka ajiye ta wuri guda a rumbun bayananmu na intanet, kowa ya je can ya tambaya. Da Sama'ila ya sake kwafe ta cikin sabon rahotonsa don ya huta, ba ka yi masa faɗa ba. Ka ce, "Sama'ila, gida ɗaya agogo biyu, da wanne za a yi sallah?" Ya yi dariya ya goge. Ni ma da na ruɗe ina tsoron taɓa rumbun, ka jawo kujera ka zauna gefena har na gyara da hannuna, ka saya mini fura.

To amma Malam, ka bar ni cikin takaici, kuma sai na faɗa. Ƙa'idar tana wuri guda, gaskiya ne, sai dai ranar da bana ke farawa kai kake sa ta da hannu kowace shekara. Na roƙe ka ka rubuta yadda kake zaɓarta. Ka ce, "Haulatu, ke dai akwai gaggawa. Idan ruwa ya sauka zan nuna miki." Ruwa ya sauka a Mai'adua ran Juma'ar da ta biyo bayan jana'izarka. A Daura ko yayyafi ba a yi ba. Har yau wayoyi suna nuna bara ce, kowace saniya da alamar an yi mata rigakafi, masu allura suna wuce garke suna tafiya. Makiyayan Kongolam sun kusa tashi, in suka tashi ba mai samunsu sai kaka. Sama'ila ya ce in bari ya sa tasa ranar a rahoto kafin a gano. Na hana shi. Da ka ga yadda ya kalle ni.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa kabarinka ya zama wurin hutu. Ina miƙa ta'aziyya ga iyalinka, Hajiya Murja, da Anwar da Rauda, da 'yan uwa baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku.

Gobe zan sa rana, don ba a bar shanu haka. Ga abin da ban sani ba: ko ruwan farko kake bi ko sai wanda ya isa shuka, ko na Daura ko na duk inda ya riga sauka, wane dattijo kake kira a waya kafin ka yanke, da kuma wanda zan nuna wa ya duba mini kafin in danna.