Masinja da Kalmar Manya

Shekara talatin wani masinjan ofis ya yi yana kai fayil daga bene zuwa bene, kuma a matakala ya tsinci ɗan Turancinsa. Kalmar da ya fi ji a bakin manya ita ce "fandamental". Ya lura duk takardar da aka kira haka, a durowa ake jefa ta. Sai ya yanke wa kansa ma'ana: abin da za a bari sai wata rana.

Har gida ya kai ta. In matarsa ta ce rufi na yoyo, sai ya gyara zama ya ce, "Fandamental ne," ya tura bokiti.

Ranar ritayarsa, shugaban ofis ya dafa kafaɗarsa, ya ce masinjan fandamental ne a ma'aikatar. Ya koma gida ya ce wa iyalinsa yau an zage shi da kalmar nan.

'Yarsa, malamar makaranta, ta ce, "Baba, yabonka aka yi. Ana nufin tushe, abin da in babu shi komai ya rushe."

Ya tuna ko sau ɗaya ba a ƙara masa girma ba. Ya yi dariya ya ce, "A'a, 'yar nan, fassarata ce daidai. Ni ma a durowa na ƙare."