Kiɗan da Ya Ɗaga Ƙafar Baba

Ranar farko da na ji faifan nan, zare wayar garmahon na yi daga bango. Na ɗauka lalacewa ya yi. Wani sauti ne ke fita, kwiu-kwiu, wau-wau, kamar kwaɗi sun samu ruwan farko, a ƙarƙashinsa kuma dum, dum, dum, babu sassauci. Mai gidan ya bi ni da kallo daga kujerarsa, ya ce da Turanci, "Me na yi miki?"

A shekarun nan aikin kula da marasa lafiya nake yi a gidajensu. Wurinsa aka tura ni, a wata unguwa Parkchester can ƙasar Turawa, a hawa na shida na wani bene, tafiyar minti goma daga ɗakina. Bature ne ɗan shekara sittin da 'yan kai, ciwon karkarwa ya kama shi. Baba nake ce masa, yana cewa bai tsufa ba, ni kuma ban fasa ba. Da ƙuruciyarsa shi ke sa faifai a wuraren rawa. Ya tara faya-fayai ɗaki guda, amma wannan mai koɗaɗɗen tambarin shi ne ɗan lelensa. Acid techno ake kiran irin kiɗan.

Da na mayar da wayar, sai ya ba ni labari. Wai na'urar da ke wannan kukan an ƙera ta ne don ta kwaikwayi jita, ta kasa, aka jibge ta a shagunan gwanjo. Samari suka saye ta a banza, suka yi ta murɗa maɓallanta har wannan ya fito. Na ce, "Ashe dai ban yi kuskure ba, lalatacciya ce." Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na ba shi ruwa.

Ba karkarwar ce babbar matsalarsa ba. Ƙafa ce ke ƙin tashi. Zai miƙe lafiya lau, yana zuwa bakin ƙofa sai ya kafe, ya yi ta zufa a wuri ɗaya. Ni kuwa Allah bai ba ni haƙuri da yawa ba. Sau nawa na ce, "Baba, ɗaga mana!" sannan na koma ina jin kunyar kaina. Wata safiya faifan na juyawa, ina wanke kofuna, na waiwayo na gan shi ya wuce ƙofar banɗaki yana tafiya tiryan-tiryan, taku ɗaya a kan kowane bugu biyu. Matar da ke koya masa motsa jiki ta ce ai sanannen abu ne, ƙafar masu irin wannan ciwon na bin bugu. Ni dai ban san da haka ba. Daga ranar, kafin shayi ma sai an sa faifai.

Tun ina toshe kunne har abin ya shige ni. Na gane bugun nan ba baƙo ba ne, luguden da na tashi ina ji ne a tsakar gidanmu a Kano, sai dai wannan turmin ba ya gajiya. Wata ƙawata 'yar Kumasi ta kama ni ina yin sa da baki muna jiran jirgin ƙasa mai lamba shida. Ta ce, "Ei, Hajiya! Club kike zuwa yanzu? At your age?" Na ce ta kiyaye ni. Har yau in na ɗauko kaya ina hawa matakala, shi ke buga mini a ka, kuma ina kaiwa sama.

Sai 'yarsa ta zo daga wata jiha da magana. Ta ce in ba zai iya fita daga gidan da ƙafarsa ba, ko gobara aka yi, to gidan tsofaffi za a kai shi. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, na gani a idonta. Aka sa rana, nas za ta zo ta ga ko zai iya takawa daga ƙofarsa zuwa lifta, na'urar hawa da sauka a benen. Da 'yar ta fita, ya ce mini, "Can rabin ɗaki ake bayarwa. Ina zan sa faya-fayaina?" Na saba da mutumin nan ƙwarai.

Da ranar ta zo, nas da 'yar suka iso, muka sa faifai, ya taso da kyau. Muna fitowa baranda, ƙofar gidan mai nauyi ta rufe kanta a bayanmu, kiɗan ya yanke, tsit kake ji. Baba ya kafe. Nas ta dubi agogo, 'yar ta soma cizon leɓe. Ya dube ni.

Ni ce nan da hijabina, na je Makka na dawo, ina da jika. Na ɗaga tafi na soma bugun cinyata, dum, dum, dum, na buɗe baki na saki kwiu-kwiu, wau-wau, da iyakacin ƙarfina. Wata maƙwabciya ta leƙo ta tsaya baki buɗe. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ban sassauta ba, don na ga yatsun hannunsa sun fara bin bugun. Ƙafar dama ta tashi. Ta hagu ta bi. Ina tafiya da baya ina yi, yana biyo ni, har ya danna maɓallin lifta da kansa.

Nas ta gama rubutunta, ta ce hakan ya yi, in dai za a sa masa kiɗan a waya ya riƙa yawo da shi a aljihu. Sannan ta dube ni ta ce, "Waƙar ƙasarku ce?"

Kafin in buɗe baki Baba ya amsa, yana haki. "Ta ƙasarmu ce, ni da ita."

Shekara uku ya ƙara a gidan nan. A kan gadonsa ya cika, wata ranar Talata da hantsi, ina riƙe da hannunsa.